Masabar da Ta Yi Shekara Sittin a Kumasi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na je famfo, "Maman Sani, yaya Gana?" In na je gidan suna, kafin a miƙo min fanke, "Wai da gaske kin shiga jirgin sama?" Shekaranjiya mai kayan miya na kasuwar Kakuri riƙe min ledar tumatir ya yi, ya ce ba zai saki ba sai na ba shi labari. Bakina ya gaji, ni da ba a san ni da gajiyar baki ba. Shi ya sa na sayi littafi da biro. Duk wanda ya sake tambayata, sai in miƙa masa, ni kuma in je in ɗora tukunyata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hajara. A Makera ta Kaduna aka haife ni, a Makera aka yi min aure, gida huɗu ne tsakanin ɗakina da na ubana. Kafin wannan tafiyar, in na haye gada na shiga cikin gari, dawowa nake ina ba da labari kamar wadda ta je Makka.

Gidanmu shi ake kira gidan Maikuge. Kakanmu maƙeri ne a wani ƙauye ta wajen Zariya, shi yake ƙera kugen da ake bugawa in za a yi shela, sunan ya bi shi, ya bi mu. Kuma sunan bai kwanta ba. Gwaggo Dije Maikuge, ƙanwar Baba, ungozoma ce. Rabin 'ya'yan Makera da Kakuri a hannunta suka faɗo, na masallaci da na coci, har akwai wata Dije a Zonkwa da take waƙa a kwayar coci. Ƙanena Garba Maikuge ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa, yana kuma rantsuwa ko akuya bai taɓa takewa ba. Shi kuwa Baba, Malam Sule Maikuge, babu manomi daga Kakau zuwa Rido da bai san fartanyarsa ba, kafin idonsa ya tafi ya bar maƙera a rufe.

Lokacin zaɓen nan da aka yi don soja su koma bariki, wata rana ina tsakar gidan Baba ina tsince shinkafa, shi yana kishingiɗe, rediyo na ta surutu a gefensa. Mai labarai yana jero sunayen baƙin da suka zo sa ido a zaɓe. Sai na ji ya ce, "Mai shari'a Rakiya Idirisu Maikuge, daga Kumasi ta ƙasar Gana."

Na ce, "Baba, ka ji?"

Ya ce, "Me fa? Gyangyaɗi nake."

Na maimaita masa. Ya tashi zaune, abin da ya yi wata biyu bai yi ba sai an tallafe shi. "Kin ji da kyau, Hajo?"

"Haba Baba. Ni da nake jin tafasar tukunyar maƙwabta?"

Ranar ya faɗa min abin da bai taɓa faɗa wa ko uwarmu ba. Mun san yana da ƙane, Idi, wanda ya bi fataken goro tun muna cikin ƙudurar Allah. Ba mu san dalili ba. Ashe da kakanmu ya rasu, kayan aikinsa masu daraja biyu ne: uwar maƙera, wato ƙarfen nan da ake ɗora aiki a kai, da masaba, gudumar da ake bugu da ita. Tsohon ya yi wasiyya kada a raba su, 'yan'uwan su zauna su yi aiki tare. Baba ya ga shi ne babba. Idi ya tafi cin kasuwa wani gari, shi kuwa ya ɗora uwar maƙera a kan jaki ya taho Kaduna, ya bar wa ƙanensa masaba a ƙasa, babu abin bugawa a kai. Idi ya ɗauki masabar ya bi fatake. Shekara sittin da ɗoriya ke nan.

"Da aka koro mutanenmu daga Gana," in ji Baba, "na yi wata guda kullum ina tashar jirgi ina duba fuskoki. Bai zo ba. Hajo, ba na so in kwanta a kabari da wannan kaya. In yana da rai, ina so ya yafe min da bakinsa."

Garba ya rubuta wa Mai shari'ar wasiƙa sau biyu, shiru. Aka rantsar da farar hula, aka sha kiɗa a gari, damina ta kankama, Baba kuwa sai ƙara lanƙwashewa yake, cokali uku na kunu ya ce ya ƙoshi. Sai na ce zan je da ƙafata.

Maigidana, Malam Lawal, ya ajiye kofin shayi ya dube ni. "Ke? Ke da kike ɓata a Kasuwar Barci?"

Na ce, "Mai baki ba ya ɓata, Malam. Kuma da Maman Bulus zan tafi."

Maman Bulus, sunanta Saratu, maƙwabciyata ce, katanga ɗaya muke jingina. Mutuniyar Zonkwa ce, tana saro atamfa daga Lome, ta san hanyar kamar hanyar cocinsu. Ita ta kai ni aka yi min takardar tafiya da katin allura. Ranar da za mu tashi Baba ya ba ni wata 'yar wuƙa da ya ƙera tun yana da ido, da tambarin gidanmu a gindinta, zanen ɗan kuge. Ya ce, "In Idi ya ga wannan, ba sai kin yi magana ba." Sannan ya yi dariya, ya ce, "Ko yana gaggawa a na uku har yanzu, oho."

Sai na ɗan tsaya in yi bayanin wannan. Kowane gidan ƙira da irin bugunsa. Namu sau uku ake bugun jan ƙarfe, sannan a sauke masaba sau biyu a hankali a kan uwar maƙera, babu komai a kanta. Wannan biyun shi ake ce wa gaisuwa, kuma lokacin ne mai zuga yake ɗaga hannu ya huta. Na san shi kamar bugun zuciyata, don ni na yi wa Baba zuga kafin Garba ya tasa. Baba ya ce Idi tun yana yaro ba ya barin bugu na uku ya zauna, sai ya liƙa shi a jikin na biyu. Kakanmu ya yi faɗa, ya yi duka, bai bari ba.

Muka shiga doguwar mota a tashar unguwar Talbijin da sassafe. Na yi sallama da kowa, na yi kuka, na yafe wa mutane, na nemi a yafe min. Ko addu'ar tafiya ban gama ba taya ta fashe a Kakau. Awa biyu muna bakin titi muna cin gasasshiyar masara. Sai ga wani maƙwabcinmu a kan keke zai je gona, ya ja birki ya ce, "A'a, Maman Sani! Har kin dawo? Yaya mutanen Gana?" Saratu ta yi dariya har ta shaƙe da masara.

A Lakwaja na ci kifin da ban taɓa cin irinsa ba, na kuma ga ruwan da ya sa kogin Kaduna ya zama kwata a idona. Legas kuwa ba zan ce na gan ta ba, jin ta na yi. Kowa ihu yake, har mai cewa sannu. Muka kwana gidan wata 'yar'uwar Saratu, matar ɗan sanda, ta ba mu shinkafa da miyar da barkononta ya sa na tuna duk zunubaina.

Washegari sai kan iyaka. Wani ma'aikaci ya ce in buɗe jaka. Ina zuge zif, daddawar da na ƙullo wa Baffa Idi tsaraba ta yi sallama da kowa a wurin. Ya ja da baya ya toshe hanci. Abokin aikinsa kuwa matsowa ya yi, ya shaƙa ya lumshe ido, ya ce da Hausa, "Mama, daga ina?" Ashe ɗan Kagoro ne. Shi da Saratu suka shiga gaisuwa, wane ya san wane, wace ta auri wane. Ya buga mana hatimi, ya ce in gaishe masa da Kaduna, in ce yana nan yana cin abincin da babu kuka.

Kwatano garin babura ne. Masu haya duk da riga ruwan ɗorawa, sun cika titi kamar fara. Abin da ya ba ni mamaki mata, da ɗaurin kallabi da goyo, suna murza babur abinsu. Na ce a raina, da Malam Lawal zai ga wannan da ya nemi a ba shi ruwa. Burodinsu dogo kamar taɓarya, kuma in aka buga wa mutum zai iya kai ƙara.

Tsakanin Kwatano da Lome na yi wautar da har gobe in na tuna sai na ciji yatsa. A cikin fijo muke, a gefena wata mata mai jiki, ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma mun yi hira sosai. Ta ciro abarba tana neman abin ferewa. Ni kuwa Hajo sarkin kirki na kwance ƙullin zanena na miƙa mata wuƙar Baba. Ta fere, ta raba wa duk motar, zaƙi kamar zuma. Iskar teku ta buso, barci ya ɗebe ni. Da na farka matar ta sauka a wani ƙauye, ita da kwandonta. Na tabbata mantuwa ce. Amma wuƙa ta tafi.

A masaukinmu na Zangon Lome na zazzage jaka sau uku. Na zauna a tabarma na rushe da kuka.

Saratu ta ce, "Yesu na! Maman Sani, shaidar taki kika ba da aro a fere abarba?"

"To ya zan yi? Tana ta ƙoƙarin ɓarewa da farce."

Shirinmu da ita a Lome za ta tsaya ta yi sarinta, ta sa ni a mota in ƙarasa ni kaɗai. Ta dube ni ta girgiza kai. "Tashi ki wanke fuska. Atamfa ba ta gudu. In na bar ki ke kaɗai, kanki za ki ba wani aro."

Da ƙafa muka tsallaka iyakar Gana, teku na hannun hagunmu yana ta tumbatsa kamar an yi masa laifi. Daga nan Ankara, babban birninsu, daga Ankara Kumasi. A hanya aka sayo mana abin da suke kira kenke. Tuwon masara ne da ya yi tsami aka naɗe a ganye. A gida in tuwo ya kai haka kaji ake zuba wa. Na ci don kunya, da soyayyen kifi da barkono. Loma ta huɗu na daina kunya, na nemi ƙari.

Ranar Asabar muka shiga Kumasi. Muna sauka na ga rumfuna, kujeru, makaɗa, mata sun sha ado da baƙi da ja suna rawa, ana ta raba lemo. Na ce kai, wannan biki ya yi biki, na kama hanci na rangaɗa musu guɗa irin ta Makera. Saratu ta mintsine ni har sai da na yi tsalle. "Ke! Jana'iza ce!" Na so ƙasa ta tsage. Sai ga wata tsohuwa ta taso ta kama hannuna biyu tana godiya, ta sa aka ba ni lemo. Mu in an yi mutuwa ko tari mutum ya yi da ƙarfi sai an harare shi. Su kuwa raka mamaci suke kamar amarya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Muka sauka gidan wata Hajiya a Zango, inda kowa ke jin Hausa, sai dai tasu ta sha ruwan wani gari. Gidan Mai shari'a bai yi wuyar samu ba, duk direban tasi ya san shi. Shiga ce ta gagara. Mai gadi ya tsayar da mu a ƙofa, ya kira wani mai rubuta mata takardu, ya fito da biro a aljihu ya saurare ni har na gama. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mma, tun da aka faɗi sunanta a rediyo, ke ce ta huɗu daga Najeriya. Kowa ɗan wan babanta ne. Wasiƙu kuwa sun cika kwali. Akwai takarda? Akwai hoto? Akwai wata shaida?"

Na buɗe baki, na tuna abarba, na rufe.

Kwana uku muna zuwa. Na roƙa ko a faɗa min inda tsohon yake, in yana da rai. Aka ce ba a ba da wannan. Rana ta uku motarta ta fito ta wuce ta gabanmu, gilashi a rufe, ban ga ko kallabinta ba. Saratu ta ce, "Maman Sani, mun yi iya yinmu. Gobe sai gida." Ina ta tunanin yadda zan shiga ɗakin Baba, ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, in ce masa na je na dawo hannu biyu.

Da safe na ɗauki kwano na fita sayo mana koko da ƙosai na sallama. Mai kokon kusa ba ta fito ba, aka kwatanta min wata can cikin lungu. Na bi, na karya kwana, na sake karyawa. Unguwar duk ƙara ce, masu gyaran mota, masu walda, masu ƙera tukwane. Ina riƙe da kwano a layi, sai wani bugu ya ratso duk wannan hayaniya ya shigo min kunne.

Uku a kan ƙarfe. Biyu a hankali.

Na ce a raina, Hajo, kewar gida ce. Na kasa kunne. Uku, sannan gaisuwa. Uku, sannan gaisuwa. Kuma na ukun nan a liƙe yake da na biyu, kamar ana koro shi.

Ban san inda na ajiye kwanon Hajiya ba, har yau ba a gan shi ba. Na bi sautin nan ta bayan wani masallaci, na tsallake kwata, na ratsa tsakar gidan mutane ina "salamu alaikum, ku yi haƙuri", har na faɗa wata rumfar kwano. Wani dattijo mai furfura a gemu yana bugun bakin gatari, a bayansa ƙofar ɗaki da asabari a sake.

Ya ɗago. "Mma, me ana so? Wuƙa ko fartanya?"

Ni da ya kamata in gaishe shi, in tambayi iyali, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Malam, kana gaggawa a na uku."

Ya ajiye guduma. "Shekara arba'in ina wannan aiki. Mace za ta zo daga titi ta koya min bugu?"

"Ba koya maka nake ba. Ba laifinka ba ne, gado ka yi."

Sai aka yi tari a bayan asabari. Wata murya ta tsufa ta ce, "Mumuni, wace ce? Wannan maganar mutum biyu na sani da ita a duniya. Ɗaya ni na sa shi a kabari."

Aka ɗaga asabari. Jama'a, da ba don idonsa na gani ba, da na rantse Baba ne ya riga ni zuwa. Hancin, goshin, har yadda yake karkata kai. Na durƙusa na ce, "Baffa, ni ce Hajara, 'yar Sule."

Bai rungume ni ba, bai yi salati ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Al'adar can ce, baƙo sai ya sha ruwa sannan a tambaye shi abin da ya kawo shi, ko da an sani. Na sha. Ya ce, "To, me ke tafe da ke?"

Na faɗa masa duka, har jakin, har tashar jirgin, har abarba. Na ce Baba na neman gafara.

"Me ya hana shi rubutowa da hannunsa?"

"Ba ya gani, Baffa. Shekara shida ke nan."

"Sule ya makance," ya ce, kamar yana gaya wa kansa. Can ya ce, "Uwar maƙerar fa? Ya sayar?"

"Tana nan. Duk Juma'a sai ya sa an tallafe shi ya je ya shafe ta da mai."

Na jira ya ce ya yafe. Bai ce ba. Ya ce, "Ba ke kika yi min ba, ba ke zan ba amsa ba. Mumuni, je ka kira min ƙannenka."

Kafin la'asar gidan ya cika, na aika aka ɗauko Saratu. Motar nan mai rufaffen gilashi ta tsaya a bakin lungu don ba ta iya shiga. Mai shari'a ta tako da ƙafa, ta tsallake kwatar da na tsallake. Da ta ji kwana uku na yi a ƙofarta, ta cire takalmi ta durƙusa a gabana ta ce, "Yaya Hajara, ki yafe min." Ni Hajo, mai aji huɗu! Na ce, "Tashi, tashi, kada ki ɓata zanenki." Saratu ta raɗa min, "Bar ta ta ɗan jima."

Ranar na san sunanmu ya yi rassa. Mumuni ne babba, shi ya riƙe wuta da guduma, kuma da guminsa aka yi wa sauran karatu. Rakiya kuwa, tana yarinya, da safe take tallan koko kafin ta tafi makaranta. Mutanen Zango suka yi ta yi wa Baffa dariya wai maƙeri zai yi 'yar boko, shi kuwa ya ƙera mata akwatin ƙarfe da hannunsa ya kai ta makarantar kwana. Aka ce da ta zama alƙaliya wani mai ƙara ya taɓa ɗaure mata rago a ƙofar gida, ta sa aka ja ragon har cikin kotu aka mayar masa a gaban jama'a. Tun daga nan ko ƙwai ba a kai mata. Akwai Haruna, likitan ƙashi a Ankara, wanda Baffa yake cewa shi ma maƙeri ne, sai dai a cikin mutum yake sa nasa ƙarfen. Akwai Salifu, wanda ya yi golan ƙwallo yana saurayi, har yau in ya bi titi ana kiran sunansa, tafin hannunsa kamar faranti. Ni ma ban bari an rufe mu ba. Na ba su labarin Gwaggo Dije da na Garba da akuyarsa, har Mai shari'a ta ciro takarda tana rubutawa.

Ana cikin haka Baffa ya ce zai bi ni Kaduna. Likita Haruna ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Mai shari'a ta ce a bari a aika da kaset. Ya bar su suka gama, sannan ya ce, "Ke a kotu kike yanke hukunci, kai a asibiti. Nan gidana ne." Ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohuwar fata, ya rungume. Ba wanda ya tambaya.

Haka na dawo ta sama, ni da na tafi ta Kakau. Ni da Baffa da Mumuni da Mai shari'a. Saratu ta raka mu Ankara ta wuce Lome wajen atamfarta, ta ce in na kuskura na ba da labarin kafin ta dawo ba ta yafe ba. Jirgi kuwa ba abin da zan ce sai dai kunnena ya toshe, na yi ta salati, kuma abincinsu ba ya kai wa ko'ina. Rigima ɗaya aka yi, da aka ce ƙunshin Baffa sai dai ya bi kaya. Da ƙyar Mumuni ya ɓamɓare shi daga hannunsa.

Da hantsi muka iso Makera. Har lokacin ban san abin da tsohon nan ya ƙullo a ransa ba. Na ce bari in shiga in yi wa Baba albishir a hankali. Baffa ya riƙe min hannu. "Ina maƙerar?"

Na nuna masa rumfar da ke jikin zaure. Garba ya kawo makulli. Ga uwar maƙera nan a kan kututturenta tana ƙyallin mai. Baffa ya tsaya a kanta, ya shafa ta da tafin hannu. Ya kwance fatar nan, ya ciro masabar kakanmu, ƙotarta ta yi baƙi ta sha hannu. Babu wuta, babu gawayi. Ya ɗauki wani guntun ƙarfe ya ɗora, ya ɗaga masaba.

Uku. Sannan biyu a hankali.

Ya sake. Unguwa ta yi tsit, har masu ɗiban ruwa suka tsaya.

Sai muka ji daga cikin gida, da muryar da na yi shekara ban ji ƙarfinta ba: "Wa ke taɓa min maƙera?"

Baffa ya gyara riƙon masaba. Ya sake bugawa.

Muka ji faɗuwar kwano, muka ji jan ƙafa. Baba ne, mutumin da sai an ɗaga shi, ya fito yana bin bango, babu sanda, babu hula. Ya tsaya a bakin zaure ya karkata kai.

"Idi," ya ce. "Idi ne. Har yanzu kana gaggawa a na uku."

"Ni ke gaggawa," in ji Baffa. "Kai kuwa shekara sittin ka yi kafin ka buga naka."

Baba ya lalubo har ya kama rigarsa, ya sulale zai durƙusa. "Na cuce ka, ƙanena. Ga ta nan, taka ce, ka ɗauka. Ka yafe min."

Baffa ya tare shi bai bari gwiwarsa ta kai ƙasa ba. "In ɗauka in kai ina, da wannan bayan nawa? Tsoho cewa ya yi kada a raba su. Na kawo mata masabarta ne. Na yafe, Yaya. Tun a Kumasi na yafe, so nake ka ji da kunnenka." Ya kama hannun Baba ya ɗora a kan ƙotar. Sannan ya waiwayo ya harare ni. "Ke kuma, mai kunnen tsiya, kuka aka aike ki? Hura mana wuta."

Na ɗaure zanena na zauna a bakin zuga-zugi. Nan na kawo ƙarshe, wanda bai ƙoshi ba ya zo Makera da hantsi ya kasa kunne. Tsofaffin suna nan, ba sa ƙera komai sai musu.